Yadda Ake Gane Asalin Tukunyar Gargajiya: Fara da Gindi, Ka Bar Ado Sai Ƙarshe

Duk wanda aka miƙa wa tsohuwar tukunya aka ce ya faɗi inda aka gina ta, kan zanen idonsa yake fara sauka. Ni ma haka na fara, kuma na sha kunya. Akwai wata 'yar baƙar tukunya da na daɗe ina yi wa mutane bayanin ƙasar da ta fito, don kawai zanen kafaɗarta ya yi kama da wani da na gani a hoto. Ranar da wata dattijuwar maginiya ta karɓe ta, ko kallon zanen ba ta yi ba. Kifar da ita ta yi, ta shafa gindin da babban yatsa, ta zura hannu ciki, sannan ta nuna mini wani siririn layi da ya taso daga gindi har baki. Ta ce, "Ɗana, wannan ai zubi ne, hannu bai gina ta ba." A mazubi aka yi ta, irinta kuwa sun fi a ƙirga.

Tukunya tana da shaidu da yawa, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Zane kowa yana iya aronsa: maginiya ta gani a kasuwa yau, gobe ta kwaikwaya. Yumɓu kuwa nauyi gare shi, ba a cika ɗauko shi daga nesa ba, kuma yadda hannu ya koyi gini tun ƙuruciya da wuya ya sake. Saboda haka za mu bi shaidun daga mafi wuyar aro zuwa mafi sauƙi.

Mataki na farko: kada ka wanke ta

Ƙunƙunniyar gindi, farin gishirin da ruwa ya bari a ciki, wari, guntuwar takardar da aka manna, lambar da wani ya rubuta da fensir, duk shaidu ne, kuma soso da sabulu suna share su cikin minti biyu. Ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi, shi ke nan. Ka tanadi tocila, madubin ƙara girma mai ninki 10, ma'aunin tela da sikeli. Ka shimfiɗa tawul a tebur, kuma kada ka ɗaga tsohuwar tukunya ta baki ko ta mariƙi. Hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashi. Ka ɗauki hotonta ta gefuna huɗu, ta sama, ta gindi, da kuma cikinta, ka ajiye rula a gefe a kowane hoto. Ka rubuta tsawo, faɗin baki, faɗin ciki da nauyi.

Mataki na biyu: yumɓun

Nemi inda jikin yake tsirara: gindi, ƙasan murfi, ko wani ɗan wuri da ya ɓantare. Idan akwai tsohon ɓantare, ka yi sa'a, domin nan ne ake ganin naman tukunya. Kada ka kuskura ka fasa don ka gani.

Ɗora madubi a wurin. Yumɓu zalla yakan tsage wajen bushewa ko a wuta, shi ya sa magina ke gauraya shi da wani abu, kuma abin da suke zubawa na kusa da su ne. Ƙwayoyi masu zagaye, kamar an goge su, yashin rafi ne. Masu kaifi da kusurwa, dakakken dutse ne. Ɗigo-ɗigo ja ko ruwan ƙasa masu taushi, tsingaron tsofaffin tukwane ne aka daka aka mayar. 'Yan ramuka dogaye sirara, gurbin ƙaiƙayi ne ko kashin dabbobi da wuta ta cinye. Farare masu faɗi kamar ɓawo, dakakken ƙwanson katantanwar ruwa ne, wanda ke karkata hankali zuwa bakin teku ko babban kogi. Idan jikin yana walƙiya kamar an barbaɗa garin zinariya, yumɓun yana da ma'adinin da ake kira maika. Tukwanen Taos da Picuris a jihar New Mexico ta Amurka sun yi suna da wannan, amma duk ƙasar da ke da irin wannan dutse tana iya ba da yumɓu mai walƙiya, don haka kar ka tsaya nan. A ƙauyen Zlakusa na Sabiya kuma niƙaƙƙen farin dutse mai suna kalsayit suke haɗawa da yumɓu, kuma fararen ƙwayoyin suna nan a jikin kaskonsu a fili.

Launi shaida ne mai rauni. Ja yana nuna ƙarfe a cikin yumɓu da isasshiyar iska a wuta. Yumɓun nan guda, idan aka toshe masa iska, baƙi ko toka-toka zai fito.

Mataki na uku: yadda aka gina ta

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Olivier Gosselain, masani ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi shekaru yana zama da magina a Kamaru da Nijar, ya lura cewa ado da kayan ado suna yaɗuwa cikin sauƙi daga wannan al'umma zuwa waccan, amma hanyar tayar da jikin tukunya takan tsaya cikin waɗanda suka gaje ta. Dalilin a fili yake: abu ne da ake koya ana ƙarama a gaban uwa ko kaka, har hannu ya riƙa yi ba tare da tunani ba, kuma mai saye ba ya ganinsa balle ya nemi a canja.

Maginiya takan goge waje ta gyara shi, amma ciki, musamman ƙarƙashin kafaɗa inda ido ba ya kaiwa, takan bar shi yadda yake. Kashe fitila, ka kwantar da hasken tocila a jikin bangon ta yadda zai bi shi a karkace. Duk wani tudu da kwari zai yi inuwa. Sannan ka rufe ido ka bi da yatsa daga gindi zuwa baki.

Idan ka ji tudu da kwari a kwance, ba a jere daidai ba, kaurin bango yana ƙaruwa yana raguwa, to, an murza yumɓu ne kamar igiya ana ɗorawa zobe kan zobe. Irin wannan tukunya idan ta tsage, tsagar takan bi mahaɗar zoben a kwance. Idan kuwa layukan sirara ne, a jere, suna hawa kamar murɗin katantanwa daga tsakiyar gindi, a kan faifan juyi aka ja ta. Duba ƙasan gindin, sau da yawa za ka ga bakan layuka inda aka yanke ta da zare ko waya. 'Yan lotsattsun wurare masu zagaye a ciki, da fuska-fuska a waje, alamar an tara dutse ko dunƙulen yumɓu ta ciki ana bugu da katako ta waje, kamar yadda ake tayar da manyan randunan onggi na Koriya. Gindi mai zagaye sumul, kauri ɗaya, da mahaɗa guda a tsakiyar ciki, yana nuna an ɗora yumɓu a bayan kifaffiyar tsohuwar tukunya aka yi rabin ƙasa, sannan aka ƙarasa sama da hannu. Sawun saƙar tabarma a duk jikin waje kuma yakan fito ne idan an daddaka dunƙulen yumɓu a cikin ɗan rami da aka shimfiɗa wa tabarma, hanyar da ta yaɗu a yankin Sahel. Dogayen sawun yatsu a tsaye daga gindi zuwa sama na wadda ta huda dunƙule ta ja bangon sama ne.

Tukunya ɗaya tana iya haɗa hanya biyu: gindi a kan kifaffiyar tukunya, wuya da zobe. Ka rubuta kowanne daban, domin haɗin ya fi kowanne shi kaɗai taƙaita wuri.

Sai zubi, wanda ya ba ni kunya. Alamominsa: layin mahaɗa a tsaye ta gefe biyu masu fuskantar juna (ko an kankare shi, tocila takan tona), bango siriri mai kauri ɗaya ko'ina, rashin nauyi, da ɗan lotsawa ta ciki daidai inda mariƙi yake ta waje. In ka ga waɗannan, tambayarka ta koma wace masana'anta ce.

Mataki na huɗu: wutar da ta ci

Riƙe ta a tafin hannu ka ƙwanƙwasa da farce. Ƙara a dushe na nufin ba ta ci wuta sosai ba. Ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa na nufin ta gasu ƙwarai. Sai dai tsaga ma tana kashe ƙara, ka duba wannan tukuna. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsiraicin gindi. Idan ta shanye nan take, gashin ƙaramar wuta ne.

Gashi a fili, da itace ko ciyawa ko busasshen kashin shanu, yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos. Yana barin baƙaƙen girgije a jiki inda makamashi ya taɓa, da baƙin layi a tsakiyar naman bango saboda wutar ba ta daɗe ba. Tukunya mai tauri kamar dutse, wadda ba ta shan ruwa, sai ta kai kusan digiri 1200 zuwa 1300, wannan kuwa sai da ginannen tanderu. Da wannan kaɗai ka raba duniya biyu.

Idan jikin yana sheƙi, ka tantance ko guga ce ko fatar gilashi, wato rufin da ya narke a wuta ya daskare kamar gilashi. Guga da dutse mai santsi takan bar sirara-siraran sawu gefe da gefe, kuma ba ta da kauri. Fatar gilashi tana da kauri, tana taruwa a kwari, wani lokaci da 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, kuma iri-iri ce. Mai gurje-gurje kamar ɓawon lemo gishiri aka watsa a tanderu. Yankin kogin Rhine na Jamus ne tushenta, kuma toka-tokan jiki da shuɗin zane ya zama alamar yankin Westerwald na can, kodayake Ingila da Amurka sun ɗauka daga baya. Kore-kore ko ruwan ƙasa mai zirara kamar hawaye ta tokar itace ce, irin ta Edgefield a jihar South Carolina ta Amurka da ta gabashin Asiya. Fara fat mai rufe jan yumɓu, an yi zane a kanta, ta kuza ce, irin ta Talavera a Sifen da Puebla a Meziko. Mai sheƙi garau, rawaya ko kore a kan jiki mai shan ruwa, galibi dalma ce a ciki. Irin wannan a ajiye ta don kallo, kada a ci ko a sha a cikinta. Akwai kuma ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa mai duhu da ke fitowa idan an yayyafa wa tukunya ruwan ɓawon itace ko makuba tana da zafi daga wuta, abin da ake yi a wurare da dama na Afirka ta Yamma.

Mataki na biyar: me aka yi ta ta yi?

Gindi mai zagaye na zama a kan duwatsun murhu ne ko a cikin yashi. Shimfiɗaɗɗe na tebur ne da kanta. Ƙunƙuntar wuya ta ɗaukar ruwa ce, faɗin baki na girki ko ajiya. Tukunyar da ke da siffar girki amma gindinta a shimfiɗe, ƙarama, ba ƙunƙunniya, ado ya rufe ta ko'ina, wataƙila don baƙi masu yawon buɗe ido aka yi ta. Wannan bai hana ta zama ta garin da aka ce ba, zamaninta kawai yake nunawa. Ka zana siffar bakin ta gefe a takarda, domin lanƙwasar leɓe tana bambanta ƙauye da ƙauye fiye da yadda ake zato.

Mataki na shida: yanzu ka kalli adon

Ka fara da abin da aka yi zanen da shi kafin abin da aka zana. Murɗaɗɗen zare da aka mirgina yana barin jerin 'yan ramuka a karkace. Sassaƙaƙƙen ɗan itace yana maimaita fasali ɗaya daidai wa daida. Totuwar masara tana barin layukan gurabe. Wannan ta ƙarshe har zamani take faɗa: masara daga nahiyar Amurka ta fito bayan 1492, don haka tukunyar Afirka mai sawun totuwa ba ta riga ƙarni na 16 ba, komai rantsuwar mai ita. Jerin 'yan sare-sare da ke zagaye kwano, waɗanda ƙarfe mai tsalle ya yi yayin da faifai ke juyawa, sun shahara a Onta da ke lardin Oita na Japan. Zakara da zanen da aka ja da tsinke a cikin ɗanyen launi na Horezu ne a Romaniya, sana'ar da UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gado a 2012. Ja da baƙi a fasalin kusurwa-kusurwa a kan jiki mai haske, ginin hannu, gashin fili, yana kai mutum arewacin Afirka, wurare irin su Sejnane ta Tunisiya, wadda ta shiga jerin a 2018.

Kama da wane dai ba ta wane, kuma baƙar tukunya ce ta fi nuna haka. Duk inda aka toshe wa wuta iska hayaƙi ya shiga jiki, baƙi za a samu. A San Bartolo Coyotepec ta jihar Oaxaca a Meziko, sheƙin nan kamar madubi ya faro ne a shekarun 1950, lokacin da Doña Rosa ta gano cewa guga da farin dutse kafin gashi tana fito da shi, kuma yawancin na yau suna da huda-hudar ado. A San Ildefonso ta jihar New Mexico, Maria Martinez da mijinta Julian sun fito da baƙi a kan baƙi wajen 1919 zuwa 1920: zane marar sheƙi a kan gogaggen jiki, ginin zobe. A Bisalhães ta Fotugal a kan faifai ake yi, a gasa a rami, launin yana karkata zuwa toka-toka da layukan guga. Ukhamba ta Zulu a Afirka ta Kudu dunƙulalliya ce ba wuya, bango siriri, da zanen tsaga ko 'yan ƙuraje da ake kira amasumpa. A hoto daga nesa duk 'yan'uwa ne. A hannu, bayan ka bi matakai na biyu da na uku, ba za ka haɗa su ba.

Mataki na bakwai: tambari da rubutu

Mafi yawan tukwanen gargajiya ba su da sa hannu, don haka rashinsa ba aibu ba ne. A Onta ma sunan ƙauyen ake bugawa, ba na magini ba. Idan akwai, ka duba ko an yi shi yumɓu yana ɗanye: gefen harafin zai tattaru ya yi laushi, launin cikinsa ɗaya da na jiki. Wanda aka karta bayan gashi gefensa a gurje yake, cikinsa ya fi haske.

Wasu rubuce-rubucen suna ba da shekara. Dokar harajin McKinley ta 1890 ta sa dole kayan da ake shigarwa Amurka su ɗauki sunan ƙasarsu daga 1891. "Nippon", wato Japan, na tsakanin 1891 da 1921 ne, "Occupied Japan" daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1952, "West Germany" tsakanin 1949 da 1990. Sa hannun Maria Martinez ma ya sauya da zamani: "Marie" a farko, sannan "Marie + Julian" har rasuwarsa a 1943, daga baya da sunan Santana, matar ɗanta. David Drake, bawan da ya yi gini a Edgefield a ƙarni na 19, yakan rubuta sunansa Dave da kwanan wata, wani lokaci har da baiti biyu, a kafaɗar randa.

Wani lokaci shaidu sukan saɓa, kuma saɓanin ne amsar. Ka ɗauki randar da siffarta ta matan Gwari ce, ginin hannu, da ƙadangare da kunama da kifi a tsage a jiki, amma tana da tauri kamar dutse da fatar gilashi mai duhu. Gini ya ce ƙauye, wuta ta ce tanderu. Wuri ɗaya ya haɗa biyun: cibiyar koyar da ginin tukwane da maginin Birtaniya Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda shahararriyar maginiya Ladi Kwali ta shiga a 1954. A irin wannan sai a nemi haruffan LK da tambarin Abuja da rubutun Larabci a kusa da gindi. Tambarin a nan tabbatarwa yake yi. Tambarin da ba ya da goyon bayan yumɓu da gini, shi ne abu mafi arhar ƙirƙira a jikin tukunya.

Mataki na takwas: labarin mai ita

Ka tambaya, ka rubuta kalma da kalma: wa ya kawo ta, daga ina, yaushe, saye ko kyauta, akwai rasiti ko tsohon hoto? Amma ka raba inda aka saya da inda aka gina. Tukwane suna bin fatake da jiragen ruwa, magina kuma suna yin aure ko ƙaura su tafi da hannunsu su tarar da sabon yumɓu.

Ka gwada tsufan da ake iƙirari da abin da ke jiki. Cin aiki na gaskiya yana inda aiki yake: zoben gindi, leɓe, inda hannu ke kamawa, inda ludayi ke gogawa. Tsufan ƙarya yana ko'ina daidai, ƙasa a manne har inda ƙasa ba ta da dalilin shiga, wani lokaci da warin man takalmi ko gam. Auduga mai ɗan danshi a ɓoyayyen wuri takan ɗebo launin da aka shafa jiya.

Mataki na tara: kwatanci, gwaji, da rubuta hukunci

Yanzu kana da jerin siffofi, sai neman 'yan'uwanta. Gidajen tarihi irin su British Museum, Pitt Rivers na Oxford, Smithsonian da Quai Branly na Faris sun sa dubban hotunan kayansu a intanet, gidan tarihi na Jos kuma yana da tarin tukwanen da Sylvia Leith-Ross ta tattara. Ka fi ba da ƙarfi ga kayan da aka rubuta ƙauyen da aka samo su da shekarar da wanda ya samo. Shafukan 'yan kasuwa kwafar juna suke yi, kuskure ɗaya ya zama goma. In da hali, ka nuna wa magina na yankin da kake zato. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa za su faɗa maka har unguwa daga lanƙwasar baki kawai.

Gwajin ɗakin bincike sai ga abin da darajarsa ta kai. Akan yanki ɗan ɓallin da aka sirantar zuwa milimita 0.03 a duba ma'adinansa a madubin kimiyya, a gwada da duwatsun yankin. Wannan ne ya fi kusa da faɗin wuri. Gwajin hasken da yumɓu ke fitarwa idan an zafafa shi kuwa lokacin gashi na ƙarshe yake kintatawa, da tazara mai faɗi, ba ya faɗin gari, kuma sai an huda tukunyar. Masu jabu sun san da shi, sukan dasa tsohon tsingaro a gindi inda aka saba hudawa.

Idan alamu suka nuna daga ƙasa aka tono abin, ka dakata da saye ko sayarwa. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta shafi fataucin irin waɗannan, kuma jerin kayan tarihi masu fuskantar sata da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000 ya ambaci kayan yumɓu na Nok, da na Bura ta Nijar, da na kwarin kogin Neja a Mali. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar da kake ita za a tuntuɓa.

A ƙarshe ka rubuta kati, ka raba shi uku: abin da ka gani da idonka, abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, sannan hukuncinka. Ni ba na rubuta sunan gari sai shaidu uku masu zaman kansu sun haɗu, kuma dole yumɓu ko gini ya kasance cikinsu. Biyu suka haɗu, in rubuta yanki da "mai yiwuwa". Ado kaɗai ne, in rubuta "a salon wuri kaza". Ka sa kwanan wata, ka yi amfani da fensir don a iya gyarawa, ka saka katin a cikin tukunyar. Kada ka manna shi da salatif a jikinta, yana ɗaye fata.